Heidrun da Alkamar da Aka Ce a Zubar

Ƙanwar mijina, Heidrun Zabel, ta yi shekara arba'in da bakwai tana aiki a gonar gwaji da ke bayan ƙauyenmu, Dornsleben. In ka tambayi mutanen gari me take yi a can, amsa ɗaya za su ba ka: azabtar da alkama. Ba kuma sharri suka yi mata ba. Albashi ake ba ta ta shuka alkama, ta lallaɓa ta har ta yi kyau, sannan ta hana ta ruwa, ta tsuguna tana rubuta yadda take mutuwa. Mijina Volkmar, wanda noman gaske yake yi, yakan ce da shi ne ya yi haka da tuni an kai shi asibitin masu taɓin hankali, amma ita har hutun shekara ake ba ta.

Tana da shekara goma sha shida ta shiga aikin, lokacin Jamus tana biyu, mu muna gabas. Surukina direban tarakta ne a gonar gamayya, burinsa 'yarsa ta shiga ofis ta sa takalmi mai tsini. Ita kuwa ta tafi gonar gwaji, aka miƙa mata faranti da ɗan tsinke, aka ce ta riƙa ƙirga ƙwayar alkama dubu-dubu ana ɗorawa a sikeli. Shekara uku tana wannan babban aiki. Abin ya bi jikinta. Har yau in kina ba ta labari kika ce mutane da yawa sun zo biki, sai ta tsayar da ke ta ce su nawa.

Shugaban wurin a zamanin wani dattijo ne, Dakta Pannwitz, mai rubutu kamar kaza ta yi tono. Duk gonar Heidrun kaɗai ke iya karanta shi. Da aka haɗe ƙasa, sababbin shugabanni suka zo daga yamma da motoci masu ƙyalli, suka sallami ma'aikata sittin cikin tamanin, suka bar ta. Kada a ɗauka hazaƙarta suka gani. Littattafan Pannwitz suka buɗe suka ga ba su da hanyar sanin me aka shuka a ina, shi kuma dattijon ya riga ya kwanta dama.

Su ne suka shiga ɗakin ajiyar iri suka ce duk irin da ba ya cika rumbu a zubar da shi. A ciki akwai wata alkama mai lamba ɗari da goma sha huɗu, wadda Pannwitz ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haɗawa. Doguwa ce, mai gashi a zangarniya, ƙwayarta ja mai duhu. Heidrun ta ce to, ta ɗauki jakar irin ta tura cikin kwandon abincin ranarta.

A gonar gwaji akan kewaye fangalai da layi biyu na alkamar banza, don tare iska da tsuntsaye. Babu mai auna wannan layi, babu ma mai kallonsa. Nan ta riƙa shuka ɗari da sha huɗu kowace kaka, ta girbe da hannu, ta adana, ta sake shukawa. Shekara ashirin da bakwai tana haka. Daktoci iri-iri, masu tabarau da marasa shi, sun wuce ta gefen layin nan safe da yamma, alkamar tana shafar ƙugunsu, babu wanda ya taɓa tambayar me ya sa ta fi sauran tsawo. Ni ma sai daga baya na sani. Ko mijinta Eckhard, mai gyaran famfo, bai sani ba, ko da yake shi Eckhard ko ya sani ba za ki ji a bakinsa ba. Tun ranar aurensu da ya ce ya yarda, ban tabbata ya ƙara haɗa kalma biyar a jere ba.

A shekarar 2016 aka kawo musu sabon dakta daga birni, Rehbein, matashi mai farin takalmi. Ya karanci alkama shekara tara, ya zo ya tarar ashe furenta atishawa yake sa shi. Mutumin kirki ne, ba na musu, yana gaishe da kowa. Ya zo da shirin bincike na shekara uku, kuma a bakin Heidrun muka ji bayaninsa, ranar wata Lahadi da suka zo shan kofi da kek a gidanmu kamar yadda muka saba.

Ta ce in ƙishi da zafi suka matsa wa alkama, wani dafi ne ke taruwa a cikin ganyenta, yana ƙona ta daga ciki tun kafin ido ya ga ta bushe. Ita kuma alkamar ba zama take yi ba, tana haɗa nata makarin da zai kashe dafin. Wata tana haɗa da yawa, wata kaɗan. Daktan so yake ya auna makarin nan, ya ga wace alkama ce ta fi iya kare kanta.

Volkmar ya ajiye cokali ya ce, "Wato ƙanwata, sai an turo mutum daga birni ya gaya mana alkama ba ta son ƙishi?"

"A'a Yaya, wannan kai ma da ƙyar ka gano. Shi tambayarsa me take yi in ta ji ƙishin. Kai in ka ji, gidan giya kake tafiya."

Aka kafa wata ƙatuwar rumfa mai rufin roba, a kan tayoyi. Da zarar ɗigon ruwa ya taɓa wani ɗan faifai a samanta, sai ta gangaro da kanta ta rufe rabin fangalai. Rabi su sha ruwan sama, rabi su yi ƙishi, a gwada a ga bambanci. Shiri mai kyau, in dai sama ta karanta takardar.

Shekarar farko ruwa ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya. Rumfar kuma ta nuna tana da nata ra'ayin: in tsuntsu ya yi kashi a kan faifan sai ta rufe, rana tsaka, in ruwan gaske ya sauko sai ta tsaya cak. Alkamar da aka ce ta yi ƙishi ta sha har ta ƙoshi. Dakta ya rubuta cewa an samu darussa masu muhimmanci.

Aka gyara rumfa tsaf aka jira shekara ta biyu, wato 2018. Daga Afrilu ruwa ya ɗauke. Mayu ya shige, Yuni ya kama, sama fes kamar an wanke. Rumfar da aka sha wahalar gyarawa ta zauna a gefe ko sau ɗaya ba ta motsa ba. Fangalan ƙishi suna ƙishi, fangalan ruwa su ma suna ƙishi, babu bambancin da za a auna. Sai Dakta ya yanke shawarar a riƙa shayar da rabin da tiyo, daga rijiyar gonar. Ba sai na faɗi wa aka miƙa wa tiyon ba.

A makon ne hukumar gunduma ta hana ban-ruwan lambu da rana. Gonar gwaji ta samu takardar izini ta musamman. To, ka ga mutanen Dornsleben, kokwambarsu ta yi laushi, ciyawar ƙofar gidajensu ta koma kalar burodi, suna wucewa a kan keke suna leƙen shinge, ga Heidrun can riƙe da tiyo tana yi wa alkamar da ba mai ci wanka. A kanti matan gari suka fara gaishe ta da "ranki ya daɗe, sarauniyar ruwa". Ita ko a jikinta. Takan amsa ta ce su gaida kokwamba.

Wahalar ba a ban-ruwa take ba, a ɗibar ganye take. Dole sai rana ta take, lokacin da zafi ya fi tsanani, domin a lokacin ne alkama ke fama. Heidrun, mai shekara hamsin da takwas, za ta durƙusa a ƙasa mai zafi kamar kasko, ta yanki ganyen ƙarshe na kowace alkama, ta cusa a ɗan bututu, ta jefa cikin wani tulu mai ruwan da sanyinsa ke hayaƙi. Fangali casa'in da shida, kowane mako sau biyu. Dakta yana biye da ita da laima da hankici, yana duba lambobi. Ya sha ce mata tare suke wannan fama. Da yamma kuma ta daka daskararren ganyen a ɗan turmin tangaran har ya zama gari, a zuba a na'ura.

A gonarmu kuwa, alkamar Volkmar ta fara fari tun tsakiyar Yuni, alhali sai ƙarshen Yuli ya kamata ta nuna. In ya murza zangarniya a tafin hannu, ƙwayar da ke fita ta motse kamar kashin ɓera. Ya daina cin abincin kirki. Da safe ya fita ya kalli sama, ya dawo ya duba waya, ya sake fita ya kalli sama ko ta canja shawara. Na yi shekara talatin da biyar da shi, ban taɓa ganin ya zauna a kan tarakta injin a kashe, hannu a cinya, sai wannan shekarar.

Lahadin ƙarshen Yuni kofi bai yi daɗi ba. Heidrun ta ambaci ciwon gwiwa, Volkmar ya ce ai dole, shayar da ciyawar Dakta ba ƙaramin aiki ba ne. Ya ce shekara arba'in tana cin albashi da sunan taimakon manoma, shi dai manomi ne, kuma bai ga abin da ta taɓa tsinana masa ba ban da cinye masa kek. Ya ce da babansu na da rai da kunya ta kashe shi. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya ce in daina taka shi. Eckhard ya ci gaba da tauna.

Heidrun ta ajiye cokalinta. Ta shanye kofinta, ta goge baki, ta ce wa Volkmar ya ɗauko hularsa.

Muka bi ta mu uku har gonar gwaji. Ta buɗe ƙofa da makullinta, ta wuce fangalan da ake shayarwa, ta kai mu can ƙarshe, ɓangaren ƙishi, inda ɗigo bai taɓa ba tun Afrilu. Komai a wurin ya koma rawaya. Amma a bakin shinge ga layi biyu na wata doguwar alkama, ganyenta na sama kore, ba kore shar ba, amma da rai. Volkmar ya tsinki zangarniya ya murza. Ƙwayar ba babba ba ce, sai dai a cike take.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa kafin ya ce, "Nawa take bayarwa?"

"Kaɗan."

"Kaɗan kamar yaya?"

"Kaɗan ɗin da bana ya fi naka, Yaya."

A nan ta ba mu labarin kwandon abincin rana. Volkmar bai ba ta haƙuri ba, ba a yin haka a danginsu. Ya dai zuba ƙwayoyin a aljihun riga, a hanya kuma ya ce mata akwai wani man zafi da yake shafa wa bayansa, ko za ta gwada a gwiwa.

Abin da ba ta gaya mana ba, ashe ta riga ta yi wata ɓarnar. Ɓeraye sun cinye ɗaya daga cikin fangalan gwaji, bututansa suna zaune babu komai. Sai ta riƙa cika su da ganyen ɗari da sha huɗu, tana miƙawa da lambar fangalin da ya mutu. Ta ce so take kawai ta ji me na'ura za ta ce.

Na'ura ta ce abin da ya hana Dakta sukuni. A sauran alkamomin, makari yana hawa in ƙishi ya fara, amma da zafi ya haɗu da ƙishin na 'yan kwanaki sai ya zube warwas, ganye ya ƙone. A bututan wannan lamba guda kuwa ya hau ya ƙi sauka, har kusan kwana goma bayan saura sun sare. Kuma a takardar Dakta, lambar ta wata alkama ce da kowa ya san raguwa ce. Mutumin da ya yi karatu shekara tara ya yi tunani mai zurfi, ya gano cewa na'ura ce ta lalace. Aka kira mai gyara daga birni. Ya zo ya kwance ta, ya haɗa, ya ce lafiyarta ƙalau. Aka sake kiransa. Heidrun ce ma ta dafa masa kofi, duka zuwan biyu.

Sai da ta ji Dakta yana cewa zai soke sakamakon shekarar gaba ɗaya, tunda ba a san iyakar ƙaryar na'urar ba, sannan ta tuna da gwiwoyinta da fangali casa'in da shida. Ta shiga ofishinsa ta faɗa masa gaskiya. Ta ce ya wage baki har ta ɗauka atishawa ce ke zuwa.

Daga baya ya ce, "Uwargida Zabel, ba an ce a zubar da irin nan ba?"

"An ce, Dakta. Amma ba a ce ina ba. Ni kuma a ƙasa na zubar, ta tsiro."

"Shekara ashirin da bakwai?"

"Kowace kaka ina sake zubarwa."

Bai kai ta ƙara ba, wannan na yaba masa. Ya bi ta har bakin shinge, ya tsaya gaban layin da ya wuce sau ɗari, ya ce lalle akwai wani abu a tsayuwarta da ya daɗe yana jan hankalinsa.

Bayan shekara takardar bincike ta fito da sunan mutum bakwai a sama, huɗu daga ciki ba su taɓa taka Dornsleben ba. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an gode wa wata Heidi Zobel saboda taimako a gona. Jaridar gunduma ta buga hoton Dakta riƙe da zangarniya yana kallon nesa. A gefen hoton ana ganin gwiwar hannun Heidrun. Na yanke na manna a jikin firji, domin ba kullum dangi ke fitowa a jarida ba.

Jaridar ce ta jawo mana Ottmar Kriese, mai gidan burodin garinmu. Ya karanta cewa irin wannan makari yana da amfani a jikin mutum, kafin mako ya zagayo ya fara zancen burodin hana tsufa. Ya tare Heidrun a hanya yana neman iri. Ta ce masa a ganye aka auna, ba a ƙwaya ba, in makari yake so ya je ya ci ganyen kamar akuya. Da aka auna ƙwayar daga baya, aka samu akwai, amma kusan duk a dusa yake, wato daidai abin da Ottmar ya shekara talatin yana tankaɗewa yana ba aladu. Bai karaya ba. Ya mayar da dusa cikin ƙullu, ya fito da wani baƙin burodi da za a iya gina katanga da shi. Mu 'yan gari ba ma saye. Mutanen birni ne ke zuwa ranar Asabar su yi layi, su tafi suna yaba yadda yake da wuyar taunawa. Ottmar kansa ya tsufa sosai a 'yan shekarun nan.

Volkmar ma ya samu iri, da izinin gonar gwaji wannan karon. Ya yi kaka biyu yana ninka shi a bayan gida. Heidrun ta gaya masa a tudun nan mai yashi kawai zai shuka, inda ko a shekarar kirki alkama ke wahala. Ta ce doguwa ce, in ta samu ƙasa mai kyau da ruwa da taki za ta kwanta. Ya ce tun tana cikin zanen goyo yake noma. Ya shuka ta a gonarmu mafi kyau, ya ɗura mata taki. Shekarar 2021 ruwa ya dawo da ƙarfinsa, iska ɗaya ta taso a Yuli, muka fita da safe muka tarar da alkama ta kwanta shame-shame kamar an shimfiɗa tabarma. Kwana huɗu injin girbi yana lasar ƙasa. Volkmar ya ce laifin Heidrun ne, da ta san abin zai kai haka ai sai ta faɗa da ƙarfi. Yanzu a tudun yake shukawa, yana kuma gaya wa maƙwabta cewa ya lura irin ya fi son yashi.

Dakta Rehbein ya zama farfesa. Suna can suna aurar da ɗari da sha huɗu da gajerun alkamomi, ko za a samu 'ya mai juriyar uwa da ba ta kwanciya. Ya ce in komai ya tafi daidai, nan da shekara goma sha biyu manoma za su samu. Ba a san ma ko juriyar za ta bi 'ya'yan ba, sai an gani.

Heidrun ta yi ritaya a 2023. An yi ɗan taro a ɗakin cin abinci, an ba ta furanni da agogon bango, sabon shugaba ya yi jawabin minti ashirin a kan makomar noma, ya ambace ta sau ɗaya. Wata biyu bayan haka aka yi mata aiki a gwiwar dama. Likita ya tambaye ta wane irin wasan motsa jiki ta yi a ƙuruciya da ya cinye mata gaɓa haka, ta ce masa kimiyya.

Da ta fara takawa da sanda, 'yarsu ta kama musu ɗaki a bakin teku, can arewa, su huta mako biyu. Tafiyarsu ta farko ke nan ita da Eckhard tun da yarinyar take makaranta. Heidrun ta tarar abincin masaukin ba gishiri, ta shiga kicin ta gaya wa mai dafuwar, kafin kwana uku ita ke feraye musu dankali. Eckhard ya gyara famfo biyu ba wanda ya sa shi. Da suka dawo na tambaye ta yaya teku, ta ce yana nan, babba ne. Mai masaukin dai ta bugo waya sau biyu tana tambayar ko za su koma baɗi, kuma na ji Heidrun tana ce mata sai an yi wa gwiwar hagu aiki tukuna.